Yahudawa a Hokin Ƙanƙara, da Ƙofar da Ake Buɗe wa Bare

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da masu son karantawa a nutse.

Yau za mu tafi inda ba ku zata ba. Za mu yi magana a kan wasan hoki na kan ƙanƙara, da Yahudawan da suka buga shi a Kanada da Amurka da Jamus. Na san tun daga nan wani ya ɗaga gira. Wasan da ba mu taɓa gani ba, da mutanen da sunansu ma ya zama zagi a bakinmu? Ai a nan in aka ce wa mutum Bayahude, makirci ake nufi. Ga kuma abin da idonmu ya gani a Gaza, wanda duk mai zuciya ya gani sai ya ji ciwo. To bari in faɗi matsayina da wuri, kada a wahala da tambaya a wurin sharhi: ina tare da Falasɗinawa, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma gwamnatin Isra'ila daban, yaron da aka haifa a wani garin haƙar ma'adinai na Kanada a 1899 daban. Kusan rabin labarin nan ya faru ne tun ba a kafa ƙasar Isra'ila ba, wato kafin 1948. Abin da ya ja ni gare shi tambaya ce da ta shafe mu kai tsaye: in mutane sun raina asalinka, ta wace ƙofa suke barinka ka shiga fili?

Kuma ma sunan Bayahude ba baƙo ba ne a filin wasanmu na Kano. Ku tambayi iyayenku labarin Raccah Rovers. Ita ce ƙungiyar Kano da ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya a 1978, shekara goma sha biyu kafin a kafa Kano Pillars. A watan Afrilun shekarar ne ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, inda Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya shiga fili. To shi wannan suna Raccah, Kanawa sun daɗe da saninsa a harkar gyaɗa. Saul Raccah Bayahude ne mutumin Turabulus ta Libiya, wanda ya zauna a Kano bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya kuma yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa irin su UAC wajen saye da fitarwa. Gyaɗar da kakanninmu na Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa suka noma, suka ɗora wa jaki, wani kaso nata ta hannunsa ya bi. Sunan da aka sani a wurin awo, shi ne daga baya matasa suka riƙa ihu da shi a filin ƙwallo.

To mu koma ƙanƙara. Ga wanda bai taɓa gani ba, hoki dai shi ne abin da wasu ke kira ƙwallon gora, sai dai wannan a kan daskararren ruwa ake yin sa. Kowane ɗan wasa yana sa takalmi mai ƙarfe siriri a ƙasa kamar wuƙa, yana zamewa da gudu na ban tsoro, yana riƙe da sanda mai lanƙwasa. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifai baƙi na roba mai tauri ake bugawa, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Mutum shida-shida ne a fili har da gola, ana yin zango uku na minti ashirin-ashirin. Babbar gasar duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a Montreal a 1917, yanzu tana da ƙungiya 32 a Kanada da Amurka. Kofinsu shi ne Kofin Stanley, kuma duk shekara ana sassaƙa sunayen waɗanda suka ci a jikinsa. Abin da zai ba ku mamaki, a wannan wasan in mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama naushi, alƙalai kan ja baya su bar su sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sannan a kai kowa zaman horo na minti biyar ya dawo. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Tun daga shekarun 1880 zuwa na 1920, Yahudawa masu ɗimbin yawa sun gudu daga daular Rasha da Poland saboda kisan gilla da talauci. Waɗanda suka sauka a Kanada, yawancinsu a cunkusassun unguwannin tsakiyar Montreal da Toronto suka tare, uba yana ɗinki a masana'antar tufafi, iyali duka a ɗaki biyu. Shi kuwa hoki wasan ɗan ƙauye ne da ɗan ƙaramin gari. Sanyi na sauka tafki ya daskare, yaro ya samu fili kyauta wata huɗu ko biyar. Yaron da ke hawa na uku a gidan haya ba shi da tafki, takalmin kuma kuɗi ne. Shi ya sa 'ya'yan Yahudawan wancan zamani suka fi yin fice a damben zamani, wanda ba ya buƙatar komai sai hannu da yunwa. Benny Leonard ya riƙe kambun duniya na marasa nauyi daga 1917 zuwa 1925. Barney Ross ya ci kambu a aji uku a shekarun 1930. A lokacin, har ana cewa dambe a jinin Yahudawa yake. Yau wa ke faɗin haka? Talaucin ya tafi, damben ya tafi da shi.

Don haka ba mamaki Bayahuden farko da ya buga NHL ba ɗan babban birni ba ne. Sam Rothschild, an haife shi a 1899 a Sudbury, garin haƙar ma'adinai a arewacin Ontario, inda danginsa na cikin Yahudawan farko da suka zauna. Ya tashi cikin yaran da ke kwana a kan ƙanƙara, shi ma ya kwana. Ya shiga Montreal Maroons a 1924, suka ɗauki Kofin Stanley a 1926, bayan shekara biyu ciwon gwiwa ya raba shi da wasan. Bai zama tauraro ba, amma sunansa na jikin kofin.

Wanda ya fi shi barin tarihi ma bai buga gasar ba. Cecil Hart shi ne kocin Montreal Canadiens da ya ci kofi sau biyu a jere, 1930 da 1931. Mahaifinsa, Dakta David Hart, shi ya ba gasar kyautar kofin da ake miƙa wa gwarzon ɗan wasa na shekara, kuma har yau sunan Hart kofin yake ɗauke da shi. Duk wani shahararre da ya ɗaga shi, har Wayne Gretzky da ya karɓa sau tara, sunan gidan Yahudawa ya ɗaga. Gidan kuwa tsoho ne. Kakansu na sama, Aaron Hart, tare da sojan Ingila ya shigo a 1760. Ɗansa Ezekiel Hart mutanen garinsu sun zaɓe shi ɗan majalisa a 1807, majalisar ta hana shi zama saboda addininsa. Aka sake zaɓensa, aka sake korarsa. Sai a 1832 aka yi dokar da ta ba Yahudawa cikakken 'yanci a yankin. Kun ga shekara saba'in da biyu ke nan iyali suna zaune a ƙasa kafin doka ta yarda su 'yan ƙasa ne sosai. Masu fama da takardar ɗan asalin jiha a Najeriya sun san irin wannan ciwon.

Kada ku ɗauka cin kofi ya wanke su a idon jama'a. A shekarun da Hart ke cin kofi, Jami'ar McGill da ke garin nasa ta ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa da za ta ɗauka. A 1934, likitoci masu neman ƙwarewa a asibitin Notre-Dame na Montreal suka tafi yajin aiki saboda an ɗauki Bayahude ɗaya, Dakta Samuel Rabinovitch, sai da ya ajiye aikin suka dawo. A Toronto, ranar 16 ga Agusta 1933, wasu samari suka buɗe tuta mai tambarin 'yan Nazi a filin wasa na Christie Pits, aka kwashe awanni ana ba-ta-kashi tsakaninsu da samarin Yahudawa da Italiyawan da suka kawo musu ɗauki. Shekara ɗaya kacal kafin nan, Alex Levinsky, ɗan Yahudawan garin, ya taya Toronto Maple Leafs cin kofi. Ana masa laƙabi da Mine Boy, saboda mahaifinsa kan miƙe a cikin 'yan kallo yana ihu da gurɓataccen Turancinsa cewa yaron nan nasa ne. A 1939 kuma jirgin ruwa mai suna St. Louis ya taso daga Jamus da 'yan gudun hijira Yahudawa sama da 900. Kyuba ta ƙi karɓar mafi yawansu, Amurka ta ƙi, Kanada ta ƙi. Jirgin ya koma Turai, 254 daga cikinsu aka kashe su a kisan kiyashin da ya biyo baya. Sai a 2018 Firaminista Justin Trudeau ya nemi gafara a majalisa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai a Jamus ya faru. Rudi Ball ɗan Berlin ne, mahaifinsa Bayahude. Ƙaramin jiki gare shi, ga sauri, kuma yana cikin gwanayen Turai a zamaninsa. Da shi Jamus ta samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta hunturu a 1932. Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka fara korar Yahudawa daga ƙungiyoyin wasa, Ball ya tafi Suwizalan, daga nan Italiya. A Satumbar 1935 aka kafa dokokin Nuremberg, waɗanda suka tuɓe wa Yahudawa 'yancin zama cikakkun 'yan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Bayan wata biyar, a Fabrairun 1936, Jamus ce mai masaukin Olamfik ta hunturu a Garmisch-Partenkirchen. Da farko ba a sa sunan Ball ba. Abokinsa Gustav Jaenecke, wanda shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, ya ce in babu Rudi shi ma ba ya bugawa. Gwamnati kuma dama tana tsoron kada Amurka da wasu ƙasashe su ƙaurace wa gasar, tana neman abin da za ta nuna wa duniya. Har allunan da aka rubuta ba a son Yahudawa sai da aka ciccire daga hanyoyin garin kafin baƙi su iso. Sai aka kira Ball.

Ya zo, ya buga. Shi kaɗai ne ɗan Yahudawa a tawagar Jamus ta wannan gasa, Jamus ta ƙare a matsayi na biyar. Abin da aka ruwaito shi ne ya gindaya sharaɗi: a bar iyayensa su fita daga ƙasar. An kuwa bar su, suka tafi Afirka ta Kudu, inda shi ma ya bi su a 1948, ya rasu a Johannesburg a 1975.

Har yau ana gardama a kansa. Wasu suna cewa ya ara wa Hitila fuskarsa an yi wa duniya rufa-ido. Suna kawo misalin Sammy Luftspring, ɗan damben Toronto wanda ke sa tauraron Yahudawa a wandonsa, wanda ya ƙi zuwa Olamfik ta Berlin a wannan shekarar, ya kuma fito fili ya faɗi dalili. Ni dai Luftspring ya burge ni, amma iyayensa a Toronto suke. Na Ball a Berlin suke, a tafin hannun mutanen da yake ciniki da su. Wanda yake kan tudu ya daina koya wa na cikin ruwa yadda ake iyo. Wanda nake ganin ya cancanci a riƙa tunawa a nan shi ne Jaenecke, mutumin da babu abin da ya same shi, babu wanda ya tambaye shi, amma ya sa wuyansa. Irin su sun yi ƙaranci a kowace ƙasa.

Yanzu ku tuna maganar naushin nan. Tunda doka ta bar ƙofar faɗa a buɗe, sai kowace ƙungiya ta riƙa ajiye mutum ɗaya ko biyu da aikinsu shi ne duka da shan duka. In an taɓa tauraron ƙungiya, su za su rama. Mu kira shi dogari. A nan ne Larry Zeidel ya shigo. An haife shi a Montreal a 1928, ya tashi a unguwar Park Extension, inda tun yana yaro sai da ƙulli yake kare kansa. Ana ce masa Dutse. Yana cikin Detroit Red Wings da suka ci kofi a 1952, ya yi kaka ɗaya a Chicago, daga nan aka tura shi ƙananan gasanni, ya shekara goma sha uku a can yana tara ɗinki a fuska. A 1967 aka ƙara ƙungiyoyin NHL daga shida zuwa goma sha biyu. Zeidel yana ɗan shekara 39, maimakon ya haƙura, sai ya buga ƙasidar tallata kansa, har da hotuna da shaidar likita, ya aika wa ƙungiyoyin. Philadelphia Flyers ta ɗauke shi. Masu yawo da takardun neman aiki, ga ɗan'uwanku nan.

Ranar 7 ga Maris 1968, Flyers ta kara da Boston Bruins a Toronto, saboda iska ta yaye rufin filinta na gida. Zeidel da Eddie Shack na Boston suka sassari juna da sanda a ka, jini ya wanke musu fuska, hoton ya zaga jaridu. Bayan wasan Zeidel ya ce tun farkon kakar wasu 'yan Boston ke jifansa da kalaman ƙin Yahudawa, har suna ambata masa ɗakin iskar guba, shi da ya ce kakanninsa a hannun 'yan Nazi suka mutu. 'Yan Boston suka musa. Shugaban gasar a lokacin, Clarence Campbell, lauya ne da ya yi aikin gurfanar da 'yan Nazi bayan yaƙi, don haka ba za a ce bai san nauyin maganar ba. An dakatar da Zeidel wasa huɗu, Shack wasa uku, saboda sanda. Kan zagin kuwa ba a hukunta kowa ba. Zeidel ya rasu a 2014, da aka binciki ƙwaƙwalwarsa aka samu cutar nan ta lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan bugun kai ke jawowa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wannan labari da wani suna. Wa ke dambe a ƙasar Hausa tun asali? Mahauta. Rundawa ne ke bin garuruwa da kaka, in an girbe gero da dawa, manomi ya samu abin yanka da abin biki. Da rana su yi fawa, da yamma a kafa fage, a kaɗa kalangu, a naɗe hannu da kara, a yi turmi uku ko a yi kisa. Kuma mu faɗi gaskiya, a tsarin zamanmu na gargajiya ba a sa mahauci a sahun gaba. Gidaje da yawa za su tafa wa ɗan dambe, su yi masa liƙi, in ya zo neman 'yarsu kuma a ce a bincika asali. Ɗan Anace ya waƙe Shago har sunansa ya cika ƙasar Hausa, yau ma 'yan dambe nawa ne ke amsa sunan Shagon wane? Amma ɗaukakar a bakin fage take tsayawa. Al'umma ta buɗe wa mutum ƙofa guda, ita ce wadda zai zubar da jini, sannan ta juya ta ce ai faɗa a jininsu yake. Yau da dambe ya fara kawo kuɗi, ana sa babur da mota a gasa, ana ɗora bidiyo a YouTube miliyoyi na kallo, kun lura ba a ƙara tambayar ɗan wane ne? 'Ya'yan manoma da 'yan acaɓa da leburori duk sun shiga, ana Kudu da Arewa da Guramada. Abin da dai ban ji ana tambaya ba shi ne halin da kan waɗannan yara zai shiga nan da shekara ashirin. Zeidel ya samu masu duba ƙwaƙwalwarsa bayan ya mutu. Namu ko likita a bakin fage ba kowane gidan dambe ke ajiyewa ba.

Su Yahudawan hoki sun bar ƙofar dogari tuntuni. Mathieu Schneider ya buga wasa 1,289 a NHL, ya ci kofi da Montreal a 1993. Jeff Halpern yana kyaftin ɗin Washington Capitals ya ƙi buga wasa a 2005 saboda ya faɗo ranar Yom Kippur, ranar azuminsu mafi girma, ƙungiyarsa kuma ta bar shi. Masu bin labarin 'yan ƙwallonmu da azumin Ramadan a Turai sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Adam Fox na New York Rangers ya zama gwarzon mai tsaron baya a 2021, Quinn Hughes ya karɓi wannan kambu a 2024 yana Vancouver, ƙaninsa Jack Hughes shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2019, ga kuma autansu Luke shi ma yana gasar. Zach Hyman ya ci 54 a kakar 2023 zuwa 2024 a Edmonton.

Me ya canza? Ku duba gidajen da suka fito. Fox a Harvard ya yi karatu, a can ya buga. 'Yan gidan Hughes, mahaifiyarsu Ellen ta buga wa tawagar matan Amurka, ta ci azurfa a gasar duniya ta 1992, mahaifinsu kuma koci ne da ya yi wa Maple Leafs aikin renon 'yan wasa. Jikokin masu ɗinki sun yi karatu, sun bar gidan haya, sun koma unguwannin da ke da filin ƙanƙara, suna da mota da za a kai yaro atisaye da asuba da dubban dalolin da wasan ke ci duk shekara. Na san wani zai ce ai shugaban gasar ma, Gary Bettman, wanda ya hau tun 1993, Bayahude ne, don haka su ke juya komai. Bettman ma'aikaci ne na masu ƙungiyoyi, su suka ɗauke shi, kuma duk sanda ya fito miƙa kofi ihun tsiya 'yan kallo ke masa. Ba ya saka wa kowa takalmi. Yaro ko ya iya zamewa a ƙanƙara ko bai iya ba.

Da suka matsa gaba, wasu suka gaji ƙofar. Kun san akwai haifaffen Zariya da ya buga NHL? Rumun Ndur, an haife shi a Zariya a 1975, aka tafi da shi Kanada yana ƙarami, ya tashi a Hearst, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi a arewacin Ontario, kusan irin inda Rothschild ya fito. Buffalo Sabres ta ɗauke shi a 1994, ya zama haifaffen Najeriya na farko a gasar. Ya buga wasa 69 a Buffalo da New York Rangers da Atlanta, kuma da ƙarfi da faɗa aka fi saninsa. Na biyu shi ne Akim Aliu, haifaffen Okene a 1989, wanda ya yi ƙuruciya a Yukren. Yana ɗan shekara 16 ya ƙi yarda da wani wulaƙanci da ake yi wa sabbin yara a motar ƙungiya, wani abokin wasansa ya fasa masa haƙora da sanda a wurin atisaye. A 2019 ya fito ya faɗi cewa wani tsohon kocinsa, Bill Peters, ya taɓa jifansa da kalmar cin zarafin baƙar fata. Cikin 'yan kwanaki Peters ya ajiye aikin horar da Calgary Flames. Shekara 51 ke nan tsakanin ƙorafin Zeidel da aka share da ƙorafin Aliu da ya tuɓe koci.

Ga kuma Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanon, irin Kwaran da muka sani a Kano. A 2022 ya yi karo da golan St. Louis, aka yi masa ruwan zagi kan addininsa da barazanar kisa har sai da 'yan sanda suka shiga maganar. A wasa na gaba ya ci uku. Colorado ta ɗauki kofi, ya zama Musulmi na farko da aka sassaƙa sunansa a jiki, kuma da aka ba shi kofin na kwana ɗaya kamar yadda ake yi wa kowa, masallacin garinsu London ta Ontario ya kai shi. Kofin da Rothschild da Levinsky da Zeidel suka taɓa ci, shi ne ya shiga masallaci.

To mu a nan, maganar fili ce ta fi damuna. Yankinmu na arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Makoɗa da Tsanyawa, yana cikin wuraren da manoma suka fi cunkosa a Afirka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da taki da toka. Babu saura, babu daji, kowane taku yana da mai shi, in an raba gado kuma ya ƙara tsukewa. Filin wasan yaronmu irin na ɗan ƙauyen Kanada ne na da: yanayi ke ba shi aro. Shi sai ruwa ya daskare, namu sai an kwashe amfanin gona an tsince kara. Shi bazara ta narkar masa, namu ruwan farko ya sauka a zo da garma. Bambancin shi ne su bayan yaƙin duniya na biyu, da kuma lokacin bikin cikar ƙasarsu shekara ɗari a 1967, ƙananan garuruwa sun tara kuɗi tare da tallafin gwamnati sun gina rufaffun filaye, filin aro ya zama na dindindin. Mu filin dindindin ɗaya gare mu a yawancin ƙauyuka, na makarantar firamare, shi ma a wurare da dama an ci gefensa da shaguna ko an yanka fuloti. 'Yan mata kuwa ko na aron ba su samu ba.

Saboda haka ga aikin da nake roƙonku kafin shiri na gaba. Duk wanda yake ƙauye ko ƙaramin gari a yankin nan, ya je filin makarantar firamaren garinsu ya ɗauki hoto, ya tambayi wani dattijo inda iyakar filin take a da, ya turo mana sunan garin da ƙaramar hukumar ta akwatin saƙon shafin nan. Kada a sa sunan kowa. Za mu tattara, mu karanto su ɗaya bayan ɗaya a shirin, sannan mu kai kwafi ofishin sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.